Hajiya Asabe, Incajinmu ta Kwarbai

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina zuba wa yara shayi za su tafi makaranta. Sista Rahila ce ta kira. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Hadiza, Hajiya fa ta tafi."

Na ce, "Ta tafi ina?"

Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan. Sai da na ji Rahila ta fashe da kuka sannan maganar ta shige ni.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya Asabe ta rasu yau a gidanta da ke unguwar Kwarbai, bayan jinyar da ta ɗan ja lokaci.

Da yawanku ba ku san ta ba. Ba ta cikin masu hawa waya, hotonta ma sai an yi da gaske ake samu. Ita ce incaji, wato shugabar ƙaramin asibitin da na fara aiki a cikin birni bayan na gama makarantar kiwon lafiya. Asibiti ne a cikin lungu, mota ba ta isa ƙofarsa. A hannunta na koyi aiki, kuma yau da nake riƙe da wani asibitin, ɗan abin da na iya na zama da ma'aikata daga wurinta ya fito.

Na yi kuka, na sake yi. Amma tun safe akwai tambayar da ta ƙi barina, ita ce ma ta zaunar da ni rubuta wannan. Wai ta yaya matar nan take yi ne? Mu ba wasu zaɓaɓɓun ma'aikata ba ne. Duk wanda aka turo mata shi take karɓa, mai zafin kai da mai sanyin jiki da wanda wani wuri ya gaji da shi. Amma in mutum ya yi 'yan shekaru a ƙarƙashinta sai ka ga ya zama wani abu.

Ranar da na fara zuwa, na zaci za ta zaunar da ni ta karanto min dokoki. Ta dube ni ta ce, "Kin karya?"

Na ce e.

Ta ce, "Ba ki karya ba." Ta turo min fulas ɗin kununta.

Daga nan ba ita ta zagaya da ni ba. Ta kira Malam Isiyaku, dattijon da ke kula da ɗakin magani, ta ce, "Malam, ga sabuwar ma'aikaciya, nuna mata ɗakinka." Da ya gama ya miƙa ni ga Sista Rahila, ungozomarmu, 'yar Wusasa, ita ma ta nuna min ɗakin haihuwa. Kowa in ya zo kan nasa sai ka ji yana cewa "ɗakina", "kayana", "matana masu awo". Ban ji wanda ya ce na Hajiya ba ne. A lokacin ban ɗauki hakan a bakin komai ba.

Duk ranar Litinin muna mitin kafin marasa lafiya su taru. Ba a ofishinta ba, a kan bencin da mata ke zaman jira. Kuma ba ita ke jagoranta ba. Wannan makon ni, mako mai zuwa Rahila, na gaba Malam Isiyaku, haka yake zagayawa har kan mai shara. Ita tana gefe da carbinta, sai kowa ya gama sannan ta sa baki. Wani lokaci ma ba ta cewa komai sai, "To, tunda kun yanke, mu gwada mu gani."

In ka kai mata matsala kuwa, kafin ka rufe baki ta ce, "Ke me kika gani?"

Da farko abin haushi yake ba ni. Nakan ce a raina, da na san abin yi ai da ban zo ba. Malam Isiyaku ma yakan yi gunaguni yana jera kwalabe: "Ni ban taɓa ganin shugabanci irin wannan ba. Ka je da tambaya ɗaya, ka dawo da uku."

Sai daga baya na lura da kaina. Kafin in ƙwanƙwasa ofishinta sai na tsaya a bakin ƙofa na shirya amsar da zan ba ta. Sau da yawa ina gama shirya amsar sai in ga babu sauran abin shiga, in juya in koma bakin aikina.

Ba ta taɓa yi wa ma'aikaci faɗa a gaban mara lafiya ba. In ka yi kuskure sai ta matso kusa ta ce, "Zo ki taya ni duba wani abu a sito." Duk mun san babu abin da za a duba a siton nan. Can za ta turo ƙofa ta faɗa maka gaskiya, babu ragi. In ka ga mutum ya fito daga sito ido ya yi ja, ba ka tambaya, don kai ma ranarka tana tafe.

Yabo kuwa a tsakar asibiti take yin sa, da ƙarfi, har masu jira sai sun juyo.

Lokacin da mahaifina ya kwanta ciwo ban gaya wa kowa ba. Ta gane ne daga yadda nake yawan duba waya. Ba ta kira ni ta ce ta ba ni hutu ba. Ranar mitin ta ce, "Baban Hadiza ba shi da lafiya, tana buƙatar zama kusa da shi. Ya za mu yi da aikinta?" Nan take kowa ya ɗauki abin da zai iya. Da na dawo ba nauyinta ita kaɗai nake ji ba, na kowa nake ji. Yanzu nake tunanin ko da gangan ta bi ta wannan hanyar.

Ni da Rahila kuwa da farko ba ma jituwa. Kada wani ya kawo maganar addini don ita Kirista ce, ba shi ba ne. Ita mai sauri ce, hannu da baki duka. Ni kuma sai na tambaya, na sake tambaya, sannan in motsa. Ta ce na cika nawa, ni na ce ba ta da haƙuri. Kowaccenmu ta kai ƙarar 'yar'uwarta wurin Hajiya a ɓoye.

Me Hajiya ta yi? Ta haɗa mu zagayen gida-gida, duba masu jego da masu cikin da suka daina zuwa awo. Mu biyu kawai, cikin lungunan birni, cikin rana.

Na ce, "Hajiya, da kin haɗa ni da wata."

Ta ce, "Ku je ku dawo. In da sauran magana sai mu yi."

A cikin lungu na gane abin da ta hango. Rahila ba ta san gidajen ba. Ba ta san wa ake fara gaisarwa ba, ba ta san wace tsohuwa ce in ba ta yarda ba babu mai ganin mai jego. Ni a nan aka haife ni, na san wannan. Amma in aka shiga ɗaki, Rahila tana ɗora hannu a kan ciki ta san kwanciyar ɗa, ni kuma sai kallo. Ni nake samo mana izinin shiga, ita take aikin. Ba mu zama ƙawaye a wannan zagayen ba, kada in yi ƙarya, amma mun daina kai ƙara.

Ranar da ba zan taɓa mantawa ba ita ce ranar da aka kira Hajiya taro a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ta rataya jakarta, ta tsaya a tsakar asibiti ta ce, "Yau Hadiza ce incaji har in dawo."



Rahila ta girme ni a aiki nesa ba kusa ba. Malam Isiyaku kuwa ya haife ni. Rahila ta shige ɗakin haihuwa ta turo ƙofa. Na bi Hajiya har bakin lungu ina cewa, "Hajiya, don Allah ki tsaya." Ta ce, "Zan makara," ta wuce.

Na koma ina ta addu'a ranar ta wuce lafiya.

Da hantsi sai ga mutane sun shigo a guje, sun tallabo wata mata a cikin zane. Ta haihu a gida da safe, jaririya lafiya lau, amma jini ya ƙi tsayawa. Leɓenta ya yi fari, idonta yana lumshewa. Surukarta tana ta salati, maƙwabta sun cika baranda, kowa yana magana lokaci ɗaya.

Rahila ta fito, kallo ɗaya ta yi mata ta ce a shigo da ita. Ta sa hannu ta fara murza marar don mahaifa ta tsuke, kuma daga nan hannayenta biyu ba su da sauran wani aiki, ba ta ma iya ɗagowa. Ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Incaji, ina jin ki."

Ban san ko gatse take min ba ko da gaske take.

Da na duba ɗakin sai na ga abin da ya kamata kowa ya yi. Na ce Malam Isiyaku ya kawo allurar tsayar da jini da ledar ƙarin ruwa. Na sa mai shara ta fitar da jama'a, ta bar surukar kaɗai don mu ji abin da aka ba matar a gida. Na aika mai gadi bakin titi ya tsayar da napep, ya riƙe shi ko ana me. Na kira babban asibiti na ce ga mu nan tafe. Mijin matar kuma na ce ya kira 'yan'uwansa su wuce can kai tsaye, za a nemi masu ba da jini. Ruwan ni na sa mata da kaina. Jijiyar ta ɓuya, sai da na sake gwadawa sannan na samu.

Muna shirin ɗaukar ta sai ga Hajiya a bakin ƙofa. Ashe an ɗage taron.

Kun san me ya faru? Kowa ya tsaya. Malam Isiyaku ya juya yana kallon ta, mai shara ta juya, ni kaina na ja da baya ina cewa alhamdulillahi, mai wuri ta zo.

Ta dubi matar, ta dubi ruwan da ke sauka, ta dubi hannun Rahila. Ta ajiye jakarta a ƙasa ta ce, "Hadiza, ina kike so in kama?"

Na ce, "Hajiya, ai ke ce..."

Ta ce, "Ina zan kama? Jini yake zuba."

Na ce, "Riƙe ruwan."

Ta karɓi ledar ta ɗaga sama. Haka muka fita. Maza sun ɗauko matar, Rahila tana tafe a sunkuye hannunta bai bar marar ba, ni ina gaba ina cewa a ba mu hanya. Hajiya Asabe da girmanta da shekarunta tana biye, hannu a sama, tana tsallake kwata, mayafinta yana zamewa babu hannun gyarawa. Masu shaguna a lungun suna ta kallo. Har muka isa wurin napep ba ta ba da umarni ko ɗaya ba.

Matar ta rayu. An ƙara mata jini, ta kwana biyu ta koma gida. Jaririyar nan yanzu tana firamare, in ta gan ni a hanya sai ta durƙusa.

Da yamma na shiga ofis ina so in tambayi Hajiya dalili. Ban gama zama ba ta ce, "Kin je kin duba Rahila? Hannunta ya sage tun ɗazu." Na je na same ta tana jiƙa hannu a ruwan ɗumi. Ta ɗago ta ce, "Kin yi ƙoƙari. Amma muryarki ta yi ƙasa, nan gaba ki ɗaga ta."

Daga ranar muka zama abin da muka zama. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana duka.

Wani abin da ya daɗe yana ɗaure min kai shi ne yadda Hajiya take rabuwa da mutanenta. Wasu shugabannin in sun samu hannu mai kyau ɓoye shi suke yi kada a ɗauke. Ita kuwa tana ganin ka iya, ita za ta kai sunanka a ba ka wani wuri ka riƙe. Haka ta yi wa Rahila, haka ta yi min. Ranar da aka ce an ba ni wani asibiti can wajen unguwar Kongo, na je mata da hawaye na ce ban shirya ba.

Ta ce, "Ni ma ban shirya rasa ki ba. Sai mu yi haƙuri mu biyu."

Malam Isiyaku yana gefe ya ce, "Hajiya, wai kullum sai mun gama wahalar koya wa mutum sai ki kyautar da shi?"

Ta ce, "To Malam, a kawo na gaba."

Ba na cewa ba ta da nata ajizancin. Mitin ɗinta wani lokaci yakan yi tsawo har mata su fara leƙe. Kuma akwai wani da ta yi ta ba shi dama, ta shiga sito da shi ya fi a ƙirga, bai gyaru ba, har sai da ya jawo mana abin kunya sannan ta yarda a ɗauke shi. Ta faɗa da bakinta a mitin: "Wannan ni na jawo muku. Na daɗe ina gani ban yanke ba. Ku yafe min." Kafin ranar ban taɓa jin shugaba ya faɗi haka a gaban na ƙasa da shi ba.

Bayan ta yi ritaya, in mun haɗu wurin biki ko suna mukan yi musu a kanta. Rahila ta ce a wata bita da aka taɓa tura ta ta koyo. Malam Isiyaku ya ce wace bita, halitta ce, haka Allah ya yi ta da sanyin rai. Ni ma bayan Malam nake bi.

Ganina da ita na ƙarshe bayan Babbar Sallah ne. Na je gaishe ta wata Asabar da la'asar. Ta rame sosai, amma idon nan nata yana nan yadda na san shi. Na same ta a tsakar gida kan tabarma, 'yarta Ummi tana yanka alayyahu a gefe.

Muna cikin gaisawa na ji ta ce, "Ummi, ba haka ake yi ba, ya yi girma. Kawo nan." Ta fizge wuƙar ta hau yanka.

Na saki baki. Na ce, "Hajiya, ke ce kuwa?"

Ummi ta kwashe da dariya ta ce, "Anti Hadiza, ku ne kuka more ta. Mu a gidan nan ko gishiri ba ta bari mu zuba. Mama ba ta iya ganin aiki a hannun wani ba."

Hajiya ta harare ta, sannan ita ma ta yi dariya har da tari.

Nan na samu ƙofa. Na ce, "Hajiya, na daɗe ina so in tambaye ki. Ranar matar nan mai zubar jini, me ya sa da kika shigo ba ki karɓi aikin ba?"

Ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Kin ɗauka ban so ba? Wallahi bakina har ƙaiƙayi yake. Amma na duba, allura an yi, ruwa yana tafiya, abin hawa yana jira. Me zan ƙara? Kuma kin ga yadda kowa ya tsaya da na shigo. Da na buɗe baki sai kin tsaya yi min bayani daga farko, matar tana kwance. Da na ga kuskure da na yi magana, ba zan bar rai ya tafi don in koya miki aiki ba. Ban gani ba ne."

Na ce, "To me ya sa ni, ga Rahila?"

Ta ce, "Rahila ta fi ki hannu, har gobe. Amma in ta sa hannu a aiki ba ta ganin ɗakin. Ke kuma nawar nan taki da take mita a kai, ita ce take sa ki ga kowa. Kuma ai sai da na kira ta na gaya mata kafin in faɗa a gaban mutane. Ba ta so ba, amma ta sani."

Duk tsawon shekarun nan Rahila ba ta taɓa gaya min wannan ba.

Na ce, "A ina kika koya? Malam Isiyaku ya ce haka aka haife ki."

 Ta ce farkon riƙonta a wani asibitin ƙauye ne, kuma komai ita take yi, komai sai an tambaye ta, har daɗin hakan take ji. Sai ta tafi hutun haihuwa. Da ta dawo ta tarar matan garin sun daina zuwa, ma'aikatan suna zaune suna jiran ta. Ko maganin da ya ƙare babu wanda ya je ya karɓo, don ba ta ce a je ba.

Ta ce, "Mutanen kirki ne fa, Hadiza. Ni na mayar da su haka. Ranar na ji kunya. Tun daga nan nake fama da kaina, kuma har na yi ritaya ban daina faman ba. A gida ne kawai nake hutawa." Ta nuna min wuƙar.

Ashe ba halitta ba ce. Wannan ya fi komai ba ni mamaki. Duk shirun nan da take yi a kan benci tana jan carbi, ashe kokawa take da bakinta mu ba mu sani ba.

Sai ta ce, "Ni ma ina da tambaya. An ce min rabonki da hutu an daɗe."

Na ce, "Rahila ce ko?"

Ta ce, "Ba ruwanki da wanda ya faɗa. In kika kwanta ciwo gobe, wa zai riƙe?"

Na ce akwai wata yarinya Fiddausi, tana da kai, amma ba ta kai ba tukuna.

Ta ce, "Ke ranar kin kai?"



Sannan ta ce, "Ki kawo min ita in gan ta." Ta sa Ummi ta ƙulla min soyayyen naman Sallah a leda, ta raka ni da ido, don ƙafar ba ta kai ta zaure.

Allah bai nufa ta ga Fiddausi ba.

Yau ranar awo ce a asibitinmu, ranar da ta fi kowace cika, kuma tun da na karɓi wurin ban taɓa barin ta a hannun kowa ba. Da na ajiye wayar Rahila na fara tunanin in je in rage layi tukuna, in ya so in leƙa gidan rasuwa da yamma. Har na sa takalmi. Sai na zauna a bakin gado, na kira babban ma'aikacinmu da ya girmi Fiddausi a aiki, na fara gaya masa abin da zan yi. Sannan na kira ta na ce, "An yi min rasuwa. Yau ke ce da asibiti."

Ta ce, "Anti, ni?"

Na ce, "Ke."

Na isa Kwarbai kafin a fita da ita. Lungun ya cika. Malam Isiyaku yana ƙofar gida da sandarsa, idon ma yanzu ba ya gani sosai, amma ya ce ko ɗaukar sa za a yi sai ya je maƙabarta. A ciki na tarar Rahila ta riga ni, ta ci ɗamara da mayafinta tana shimfiɗa tabarmi tana miƙa ruwa kamar 'yar gida. Akwai matan da ban taɓa ganin fuskarsu ba, wasu daga ƙauyuka masu nisa, in ka tambaya sai a ce, "Ni ma a hannunta na koyi aiki."

Da muka samu zama na ce wa Rahila a hankali, "Ashe ranar nan ta gaya miki tun da farko?"

Ta share ido ta ce, "Ta gaya min. Ta ce in taimake ki, amma kada in sauƙaƙa miki."

Wayata tana cikin jaka, ina ta lalubo ta ina mayarwa. Bayan azahar sai ga kiran Fiddausi. Na fita lungu na ɗauka.

Ta ce, "Anti, ya haƙuri? Mun gama, lafiya lau. Amma na canza wani abu, na ce gara ki ji daga bakina. Na sa an gwada hawan jinin kowa tun suna kan layi, waɗanda nasu ya hau da masu tsohon ciki su na fara gani, ban bi wanda ya riga zuwa ba."

Ni tun da nake, wanda ya riga zuwa nake fara gani. Har na buɗe baki zan ce wa ya sa ki. Na haɗiye. Na ce, "To ya ya tafi?"

Ta ce, "An ɗan yi surutu da farko, na tsaya na yi musu bayani. Mun samu wata da nata ya hau sosai, da a ƙarshen layi take. Mun tura ta babban asibiti da wuri."

Na jingina da katanga. Na ce, "Gobe ki nuna min yadda kika tsara shi."

Kuma wallahi so nake in gani.

Duk wanda ya taɓa aiki da Hajiya Asabe ya ci karo da wannan rubutu, don Allah ya rubuta mana abin da ya sani a kanta, ko da kalma ɗaya ce da ta taɓa gaya masa. Yau na gane akwai da yawa da ban sani ba.

Ya Allah, ga baiwarka Asabe ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Duk ran da aka ceta ta hannunta ko ta hannun waɗanda ta koyar, ka sa a mizaninta. Ka ba Ummi da 'yan'uwanta haƙuri, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Ku da kuka karanta har nan, ba ku san ta ba na sani, amma ina roƙon ku. Kafin ku wuce ku tsaya ku yi mata addu'a, in kun tashi salla ku ambaci sunanta. Hajiya Asabe ce, ta Kwarbai.